Jan Alli

Shekara talatin da ɗaya ina jan layi a kan allo,
da jan alli, a wata lakkol ta Garin Malam.
In ce wa yara: nan ƙasarmu ta tsaya,
abin da ya wuce nan na wasu ne.
Tafkin kuwa ɗigo ne, ƙwayar gero ta fi shi girma,
layina ya tsaga shi gida biyu,
alhali ko yatsana bai taɓa shiga wannan ruwa.

Da na ajiye aiki, wata Laraba bayan girbi,
na bar Damagaram tun duwatsun Birni ba su ɗau zafi ba.
Mota ta zubar da ni a Magarya,
ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni.
Sau biyu yashi ya kayar da mu.
Na isa da tsagaggen tabarau da ƙujewa a gwiwa.

Duwatsu ne suka yi zobe, baƙaƙe, masu sanƙo,
kamar dattawan da rabon gado ya hana su tashi.
Ruwan na kwance a tsakaninsu, ba ruwansa.
Ƙwarya, haka mutanen wurin ke ce masa.
Giginya uku, shanu na sha,
kuka ɗaya ɗauke da tsohuwar sheƙar shamuwa.

Waya ta yi ƙara a aljihuna: barka da zuwa ƙasarmu.
Na koma baya taku biyar in ɗauko takalmi,
ta sake: barka da dawowa.

Barmu mai kwale-kwale ya ɗauke ni.
Na ce, ina layin yake?
Ya yi dariya har sandar tuƙi ta kusa suɓuce masa.
Ya ce, akwai wani turken siminti can wajen bado,
da damina nutsewa yake,
da rani jakuna ke susa da shi.
In kana son sanin ƙasar da muke ciki yanzu, Malam,
leƙa ƙasa ka tambayi gaiwa.

Ya nuna mini ɗan duwan na wannan gaɓa a gindin gawo,
da takwaransa na waccan gaɓa a gindin gawo.
Wannan ke da ganyen shayi, wancan ke da sukari,
shi Barmu ke kai buta yana kawowa.

Na ce, ashe ƙarya na koya wa 'ya'yan mutane.
Sai ya daina tuƙi.
Ya ce, a'a, layin naka akwai shi.
Shekarar da aka rufe iyaka, aka ɗaure jirgin nan da sarƙa,
'yata ta sauka a wancan ƙauyen da kake hange.
Ran suna na hau wancan dutsen tun asuba,
ina jin guɗa, ina ganin hayaƙin tuwo,
iska ta kawo mini komai ban da sunan.
Sai da yarinya ta fara rarrafe
na san an sa mata Kuluwa.

Ban ce uffan ba.
Jirgi ya yi ta juyawa da mu a tsakiya,
inuwar duwatsun can ta miƙo ta taɓa ta duwatsun nan.
Na sa hannu a aljihu, na ji guntun alli,
wanda ya bi ni daga aji ban sani ba.
Na riƙe shi. Ban jefa ba.
Ruwan bai yi mini laifin komai ba,
balle in ƙara masa abin haɗiyewa.

Na biya da sefa, ya ba ni canji da naira,
ya ɗora mini tarwaɗa biyu a kai, ya ce na yara ne.

Bayan isha'i na shigo gari.
A tasha wani tsohon ɗalibina, yanzu jandarma ne,
ya rusuna ya karɓi jakata.
Ya ce, Malam, daga ina haka da taɓo a wando?
Na ce, daga darasin ranar Litinin.
Ya sunkuya zai kaɗe mini ƙafa,
sai ga shi maƙale a igiyar takalmina,
ba takarda, ba hatimi, ba wanda ya tambaye shi:
ɗan ganyen kainuwa.