Ƙarfen da Reino Bai Yi wa Baki Ba

Mahaifina ya bar shi a kan taga,
tsawonsa tafin hannu da yatsa biyu.
Ya ƙera shi, ya tsoma shi a mai,
amma bai yi masa baki ba.
Dakusasshe, kamar gindin cokali.
Ya rasu a watan da rana ba ta leƙo Inari,
ƙarfen ya shekara biyu yana kallon tafki.

Na naɗe shi a safar ulu
na kai wa Eelis, maƙerin bayan coci,
mai yatsu tara da rabi.
Ya ƙwanƙwasa da farce, ya kasa kunne.
"Me za ki yanka, Tuovi?"
Na ce, komai.
Ya ce, "Wuƙar komai
ba ta taɓa yanka komai da kyau ba. Zauna."

Ya zaro ta farko daga kube.
Gangare ɗaya, mai faɗi,
ya sauko har kaifi ba tare da ya waiwaya ba.
"Irin tamu ke nan.
Ki kwantar da ita a kan dutse,
ita za ta nuna miki yadda za ta kwanta,
ko da duhu, ko da yatsu sun sandare.
Tana shiga itacen koivu kamar ana fere dankali.
Amma ki kai ta ƙashi,
ta yi miki murmushin mai wawulo."

Ta biyu tana da kumatu irin na gatari.
Ya dora ta a gungume, ya buga da sanda,
gungumen ya rabu, bakin ko a jikinsa.
"Wannan ba ta jin duka.
Wasa ta ne aiki: fata, haƙuri,
da hannu mai lilo. Kina da shi?"
Ban amsa ba.
Kofi yana tafasa a murhu, ya je ya sauke.

Akwai wata siririya tun daga gadon baya,
ta albasa da tsokar kifi,
ya yanka mana burodi da ita, ya goge a wando.
Akwai mai ramammen kunci, ƙanwar aska,
wadda bai ma bari na taɓa ba.

Sai na shiga ƙirga abin da hannuna ya sani:
igiyar koma idan ta cukurkuɗe a ƙanƙara,
cikin kifi da asuba,
ƙiraren hura wuta ran da komai ya jiƙe.
Sau ɗaya, zaren ƙugiya a ƙafar agwagwa.
Ban taɓa feɗe dabba ba. Ba na so.
Da kofin katakon nan da Baba ya fara sassaƙa,
yana nan, rabinsa har yanzu bishiya ne.

Na ce, ta farkon.
Amma ka karya mata kaifi kaɗan a can ƙarshe,
kamar silin gashi,
don ƙayar kifi ma ƙashi ce.

Eelis ya yi dariya har da tari.
"Sau uku Reino ya kawo ƙarfen nan.
Sau uku muka yi gardama har kofi ya huce,
ya mayar da shi aljihu ya tafi.
Ke ko rabin awa ba ki yi ba."

Ban sani ba ko yabo ne.

Dutsen ya juya, ruwa na ɗiga,
baƙin ƙarfe ya buɗe farin layi
daga ƙota har tsini.
Ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo.

Da yamma, a bakin tafki,
na feƙe reshe, ya yi ta murɗewa
kamar gashin jariri.
Ashana ɗaya ta isa.
Na ɗan yanke a babban yatsa,
na tsotse jinin,
na ɗauko kofin Baba
na ci gaba daga inda wuƙarsa ta tsaya.