Ƙaramin Harsashi

A Nebraska, bayan rumbunan masara,
Orval Tibbets ya shimfiɗa tsohon tawul a bayan a-kori-kurarsa.
Maigadin dare ne, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata,
ga jarrabawar harbi tana tafe ran sha tara.

Ya zare saman bindigar kamar mai tuɓe hula,
ya zura wani mara nauyi, mai ƙanƙanen baki.
Mariƙin dai shi ne, kunamar ita ce,
ci kawai aka rage mata.

Kuɗin babban harsashi guda
na sayen ƙanana biyar, ran sa'a shida.
Ya buga lissafi a bayan rasit ɗin mai,
ya ga har maganin Verna zai fita.

Tas. Tas. Kamar ana fasa gyaɗa.
Gwangwanin wake ya yi tsalle ya kife.
Na tara ya ƙi tashi.
Ya dakata, ya fitar da shi, ya duba gindinsa,
ya yi tsaki: araha ba ta ado.

Ido na koyo. Yatsa na koyon haƙuri.
Amma wuyan hannu ya san lallashinsa ake,
wannan ba ta shuri, ba ta tsawa.

Shi ya sa kafin rana ta faɗi
yake mayar da saman asali,
ya ɗura manya biyar, ba ƙari,
don hannu ya tuna da wa yake zaune.

Sannan ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
yana laluben kwanson biyar ɗin cikin ciyawa.
Huɗu ya samu.