A Bayan Rasidin Taki

Bara, daren ɗaya ga wata,
na cika shafi biyu da alkawari:
babur, ɗakin bulo, rijiyar burtsatse,
har da sauke Alƙur'ani kafin damina.
Takardar nan Kuluwa ta ƙunshe daddawa da ita.
Ko cigiya ban yi ba.

Bana ina bakin fadamar Aliero,
ƙafa cikin laka, injin ban-ruwa yana tari.
Baba Mairiga yakan ce
albasa ba ta yin kai don an daka mata tsawa;
ruwa kaɗan, kullum, shi ke nan.

Uku kawai na rubuta
a bayan rasidin taki.

Ɗari biyar duk ranar kasuwa, cikin gwangwanin madara,
ko buhu ya tashi ko ya faɗi.
Shafi ɗaya bayan asuba,
in barci ya kayar da ni, rabi.

Na ukun ya fi nauyi:
in taka zuwa ƙofar ƙanena Sahabi.
Shekara biyu ba gaisuwa
kan iyakar gona
da ba ta kai faɗin tabarma ba.

Babur zai jira.
Na ninke rasidin, na cusa cikin hula,
inda Kuluwa ba ta neman takarda.