Ruwa Biyu

Ranar da suka ɗaga hannu a gindin gawon Tamaske
suka ce, Habsu, ke ce shugaba,
ban ga kujera ba.
Makulli aka ba ni, da littafi mai warin albasa,
da sunaye arba'in da bakwai, kowa da bakinsa.

Na hau mota zuwa Tawa.
Yaron banki mai fara'a ya tambayi jingina.
Na ce, ga rijiya tara, ga hannuwa.
Ya ce, Inna, hannu ba ya shiga takarda.
Sai muka jinginar da rudu da abin cikinsa,
na dangwala yatsa sau shida,
shuɗin ya kwana biyu a farcena.

A nan na san ruwa biyu ne.
Akwai wanda inji ke jawowa daga ƙasa,
yana tari, yana shan esansi,
ya bi fangali ya kwanta gindin shuka.
Akwai wanda ba ya jiƙa komai,
yana hawa ko ana barci,
ko ranar Juma'a.

Da aka cire albasa, buhu ya faɗo jikka takwas.
Dillalan Abijan suka zo da buhuna masu hula,
suna dariya tun kafin ciniki.
Na ce, ba mu sayarwa sai damina ta faɗi.
Na ja ƙofa, na ɗaure makulli a bakin zane.

Dare na uku Nomau ya yi sallama.
Ɗiyarsa na asibitin Keita, ana neman jini da kuɗi.
Buhu goma sha biyu nawa ne, in ji shi, ba na banki ba.
Gaskiya ya faɗa. Ni ma gaskiya ce ɗaure a ƙuguna.
In na buɗe masa, gobe arba'in da shida ne a ƙofa.

Ban buɗe ba.
Da asuba na kwance tunkiyata mai ciki,
jikana ya ja ta kasuwa tana waiwaye.
Na rubuta da ajami a shafin ƙarshe:
Nomau, jikka talatin da biyar, babu ruwa.

Yanzu kowace safiya ina shiga rudu,
ina juya albasa ɗaya-ɗaya, ina shinshinawa.
Ruɓaɓɓiya guda kan cinye maƙwabtanta.
Jiya na fitar da kwando biyu.
An ce a Galmi buhu ya kai ashirin.
Nomau bai gaishe ni ba tukuna.

Ina ƙirga kwanaki, banki ma yana ƙirgawa.
Hadari kuwa yana can gabas,
bai ce komai ba.