Bakin Faranti

Ni ne mai tsince ganye.
Shekara nawa Kulu na kwaɗa zogale
da ƙuli-ƙuli da albasar Bakolori,
ni kuwa in sa yatsa biyu
in jera shi a bakin faranti
kamar mai shanya kuɓewa a kan katanga.
In ta yi magana in ce,
"Akwai akuya a gidan nan, ai ba ni ba ne."
Yara su yi dariya.
Ni ma in yi.

Da yamma in taso daga rumfar faci
da leda rataye a kan babur:
biskit, alawa mai rina harshe, lemon kwalba yana zufa.
Tun daga zaure suke jin motsin leda.
Mudi ya saki cokali, Shafa ta ture kwano,
tuwon dawa ya huce shi kaɗai,
miyar yakuwa ta daskare.
Ni a zatona so ke nan.

Wata Talata, Mafara ta cika ta batse,
ciwon kai ya koro ni gida tun azahar.
Na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro.
Shafa na wasan girki bayan randa,
gwangwanin tumatir ne tukunya,
fasasshen murfi ne faranti,
'yar tsanar kara na zaune a gabanta.
Ta zuba ƙasa, ta barbaɗa ganyen tafasa,
sai ta kumbura murya, ta tamke goshi
yadda ban san ina yi ba,
ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya,
ta jera su a baki,
ta ce wa 'yar tsana:
"Kai ma akuya. Manya ba su cin wanga."

Kulu na tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba.
Rariya ce ta tsaya,
sannan ta ci gaba.

A aljihuna akwai takardar asibiti,
mako biyu tana ninke, gumi ya cinye rubutun.
Malamin ya ce sukari ya leƙo,
bai shigo ba tukuna, yana dai bakin ƙofa.
Na tuna tsohona a Jangebe,
hoce da rama, fura ba sukari,
yana da saba'in yana gurguran goruba.
Bai taɓa ce mini "ci" ba.
Ci yake yi, ina kallo.

Daren nan na ce a haɗa mana tire ɗaya.
Na wanke hannu, na yi bisimilla,
na kai loma ta farko da ganyenta duka.
Ba zan yi ƙarya ba, da ɗaci-ɗaci.
Idanu huɗu na bin maƙogwarona.
Na haɗiye. Na ƙara.
Ban yi wa kowa wa'azi ba,
wa'azin me, bakina cike?

Mudi ya yi kukan leda kwana uku.
Da ya ga gwaba da karas a ciki
ya yi jifa da ɗaya, ta faɗa kwata.
Shafa sai da aka kwana goma sha ɗaya
ta miƙo hannu ta gefena,
ta ɗauki ganye ɗaya tak,
ta tauna tana kallon fuskata
ko zan yi dariya.
Ban yi ba.

Har yau in na wuce firjin Ɗan'ige a tasha,
rana na dukan ƙeya,
ƙafata kan rage tafiya da kanta.
Wani lokaci nakan wuce.
Ranar Alhamis ban wuce ba,
kuma na faɗa musu da na dawo.

Jiya Kulu ta ɗauke tire,
ta juya shi a hasken fitila,
bakinsa fes, ba abin kankarewa.
Ta leƙa turke ta ce,
"Yi haƙuri, baiwar Allah,
maigidan ya cinye rabonki."