Daren da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Ƙarfe biyun dare, rana na tsaye a kan teku
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.
Haka take mana a Lofoten in Yuni ya kama:
ba ta faɗuwa, mu ma ba ma runtsawa.

Ni ne Eilif. Shekara hamsin da ɗaya ina jan koma.
Na san motsin kifi kamar yadda na san tarin matata.

Bara wani jirgi ya zo yana harba ƙara cikin ruwa,
dum, a ɗan jima, dum,
wai yana sauraron mai a ƙarƙashin dutse.
Kifi ya ji, ya tattara nasa ya nasa.
Katakon shanya ya kwana tsirara,
tsuntsayen da ke sace mini ƙanana suka daina zuwa,
har na yi kewar ɓarayina.

Bana sun jawo hasumiyar haƙa,
ƙafafunta huɗu, ta fi cocinmu tsawo,
za su wuce da ita arewa, inda ƙanƙara ta ja da baya.
Ƙanƙara ta narke don an ƙona mai,
su kuma suka ce madalla, hanya ta buɗe.

Gunvor, jikata, shekararta sha tara,
ta sa ƙaramin kwalekwale a gabanta.
Su ashirin da uku ne, kamar ƙwayar gero a gaban turmi.
Ta rubuta A'A a jikin tsohon zanen gadona,
ko tambayata ba ta yi ba.

Abin da ban faɗa wa 'yan jarida ba shi ne:
ubanta, Torleif, yana saman hasumiyar nan
da hular kwano da safar hannu.
Albashinsa ne ya rufe mini ɗaki da guguwa ta yaye shi.
Maganin matata ma, shi ne.
In na tsine wa mai, na tsine wa rufin kaina.
In na yi shiru, teku ta san ni.

Na tada inji, na bi ta da butar kofi.
Yatsunta sun ƙage, leɓenta ya yi shuɗi.
Ta ce, Kaka, ka zo mayar da ni ne?
Na ce, riƙe kofin da kyau, kar ki zubar.

'Yan sanda suka iso da asuba, in ana kiran wannan asuba.
Mai riƙe da igiyar ɗan maƙwabcina ne,
ni na koya masa ƙulla ta.
Bai dube ni ba.

Can sama wani ya cire hula ya tsaya,
bai ɗaga hannu ba, bai koma ciki ba.

Hasumiya ta yi jinkirin awa tara, ta wuce.
Awa tara kacal.
Na tsamo zanen gadon daga ruwa, na matse,
na shanya shi inda kifi ya kamata ya rataya.
Harafin farko ya wanke.
Gunvor ta ce akwai sauran fenti a rumfa.