Farantin da Bai Tafi Ba

A Aboabo, a ɗakin Goggo Tabawa,
faranti bakwai ne a jingine saman kabad,
farare fat, an zane su da shuɗi
kamar an ɗiga baba a cikin nono.

A ɗaya, jirgin ruwa, iska ta cika masa riga.
A ɗaya, gida mai fukafukai huɗu.
Goggo ta ce fankar aljanu ce,
mu kuwa muka yarda.

Kakanta ne ya kai goro bakin teku,
ya komo Kumasi da su a ka,
naɗe cikin ganyen da goron ya bari.

Sai ga Mista Amankwa wata Asabar
da gilashin ƙara girma a aljihu.
Bai dubi jirgin ba.
Kifar da farantin ya yi,
yana duba gindinsa kamar mai cinikin rago,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya kasa kunne.
Ya ce yana da ɗari uku da 'yan kai,
kowanne da lambarsa, kowanne da fitilarsa.

Goggo ta ce, "To wa ke ci a ciki?"
Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Damina ce, kwanon rufi na yoyo,
mun tara bokiti har a kan gado.
Shida suka tafi cikin tsohuwar jarida,
sidi ya shigo, kafinta ya hau sama.

Na bakwai ya taɓa faɗuwa ranar sunana.
Wani maƙeri ya ɗinke shi da waya,
ƙulli biyar, kamar tabon asibiti.
A bakinsa farin ya ɓantare,
jar ƙasa na leƙowa.
Shi Mista ya fi so. Ya ninka kuɗi.
Goggo ta shafa ɓantaren da babban yatsa,
ta ce, "Tangaran ma ƙasa ce, riga aka sa mata.
Wannan ya tuɓe a gabana.
Ba a sayar da wanda aka ga tsiraicinsa."

Bara muka kai ta makwanci.

Yau na zuba wake da shinkafa
a kan jirgin.
Ina ci, teku na fitowa kaɗan-kaɗan,
mai ya bi ɗinkin, ya ɗiga mini a gwiwa.
Ban goge ba tukuna.